Gallaza da Magaryar Mama Hissa

Duk wanda ya san Laouali a Riyadh ya san shi da abu biyu: rawanin da yake naɗe kunnuwansa da shi tun sanyi bai gama shigowa ba, da kuma sunan Inna da ba ya barin bakinsa. Mutumin wani ƙauye ne a gabashin Tasawa ta jihar Maraɗi, gajere mai faɗin kafaɗa, ya ba arba'in baya. Shanun nomansa ya sayar ya taho Saudiyya, ya bar matarsa Delou da yara da tsohuwar mahaifiyarsa. Ranar da zai taho, tsohuwar ba ta ce ya aiko mata da atamfa ko ɗan kunnen zinari ba. Hannunsa ta kama, ta ɗaga idanunta da yana ta fara rufewa, ta ce, "Laouali, ina son idon ga shi ga Ɗakin Allah kahin shi ruhe." Tun daga ranar, duk tsintsiyar da ya ja da duk bokitin da ya ɗauka, don wannan magana yake yi.

Allah ya haɗa shi da kafili, wato ubangidan da igamarsa ta zama a ƙasar take hannunsa, wani ɗan kasuwa da ake kira Abu Turki. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya, sai dai mutum ne mai gaggawa, wanda in yana magana da kai rabin hankalinsa na kan waya. Yana da gidan gona a kudancin birni, can inda kwalta ke ƙarewa, kuma a nan mahaifiyarsa Mama Hissa take zaune, don ta ce ita ba za ta mutu a gidan bene ba. Laouali ne mai gadi, shi ne mai shara, shi ne mai ban ruwa. Cikin gida kuwa, ɓangaren mata, akwai Mariamou, wata bazawara 'yar Damagaram mai kula da tsohuwar, mai baki kamar reza.

Wata rana Abu Turki yana cikin nishaɗi ya dafa kafaɗar Laouali ya ce in sanyin bana ya wuce zai sabunta masa igama, ya kuma tsaya masa a kan takardun mahaifiyarsa ta zo ta yi umra. Laouali bai jira la'asar ba ya kira gida. An ce Inna ta yi guɗa da muryar tsufa har maƙwabta suka leƙo.

To, a nan sai a tsaya a ji wani abu game da Larabcin Laouali, don a kansa komai ya rataya. Larabci ne na titi, wanda ya tsinta a bakin direbobi da masu shago. A Hausarsu ta Maraɗi kuwa kalma ɗaya ce, icce. Wanda ke tsaye da ganyensa icce ne, wanda aka faskara aka tura murhu shi ma icce ne. Da ya ji Larabawa na kiran na murhu hatab, sai ya ce alhamdu lillahi, ya samu kalmar icce. Ya zo wurin maigida wata safiya yana nuna dabinai ya ce, "Baba, hatab yibga moya," wai itatuwa na son ruwa. Abu Turki ya yi dariya har da riƙe ciki. Abokansa in sun zo shan gahawa sai ya kira Laouali ya ce ya maimaita, su ma su ƙyalƙyale. Duk cikinsu, da ilminsu da manyan motocinsu, ba a samu ɗaya da ya ce masa, bawan Allah, mai ganye shajara ake ce masa ba. Dariyar ta fi musu daɗi. Shi kuwa Laouali yana murna, a zatonsa Larabcinsa ne ya burge.

Mama Hissa na fama da ƙirji. Sanyin Riyadh kuma ba abin wasa ba ne, wanda bai zauna ba ne yake zaton nan zafi kawai ake yi. In aka kunna mata na'urar bango ta hura iska mai ɗumi, sai maƙogwaronta ya bushe, tari ya sarƙe ta. Abu Turki ya je hutu Turkiyya, ya kwana a wani gida cikin duwatsu, ya ga yadda suke yi: tukunyar ƙarfe ce a waje, a hura mata wuta, ta dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya ɗakuna, ɗumi ya tashi a hankali ba iska ba ƙara. Ya dawo ya ce shi ma sai ya yi wa uwarsa.

Ranar da mota ta kawo tukunyar daga wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, Laouali ya tsaya baki buɗe. Baƙin ƙarfe ne ya fi shi tsawo, da ƙofa biyu, da agogo a goshi, da bututun hayaƙi da sai da aka fasa rufin rumfa kafin ya samu hanya. Ma'aikata suka ɓamɓare daɓen gida, suka binne bututu, suka kafa wasu ƙarafa masu haƙarƙari a bangon kowane ɗaki. Mai haɗawar ya ce sunanta gallaya. Laouali ya zagaya ta yana neman inda ake zuba mata fetur ko gas, bai gani ba. Ya tambaya. Aka ce masa hatab take ci.

"Icce?" Ya juya wajen Mariamou da ke leƙe ta ƙofar kicin. "Ƙasar da mai ke kwance ƙarƙashin ƙafarsu, icce za su ƙona? Mu da munka baro hayaƙi gida!"

Mamaki bai ƙare ba sai da suka je kasuwar itace shi da maigida. A hanya Abu Turki ya ja masa kunne: kada ya kuskura ya taɓa itacen daji a ƙasar nan, ko busasshe ne, hukuma ta hana, tarar da za a ci mutum sai ta cinye shi da danginsa. Wanda aka yarda a ƙona shi ne wanda aka shigo da shi daga waje. Laouali ya kalli tulin, an yanke shi tsaf an ɗaure kamar kayan lefe, mai sayarwa yana cewa ta jirgin ruwa ya zo. Itacen wuta a jirgin ruwa! Da aka cika bayan a-kori-kura aka faɗi kuɗin, sai ya ɗauka kunnensa ne, ya sa aka sake faɗa. Ya haura albashinsa na wata. Abin da Delou ke aika yara su tsinto a bayan gari kafin hantsi, shi ne nan ya fi gumin namiji na wata guda tsada. Ya yi ta salati a bayan mota har suka iso gida.

Kuma da a ce ci ɗaya take yi ta ƙoshi! Ina. Ka cika mata ciki da safe, kafin azahar ta lashe tana neman ƙari. Sai ka kwashe toka kullum, ka kankare baƙin kwalta da ke taruwa a bututu, ka sa ido a kan agogon goshinta kada allura ta shiga ja, ka ƙara mata ruwa in ya ragu. Ga wani ɗan injin tura ruwa a gefenta wanda shi kuma lantarki yake ci, in ya tsaya sai tukunyar ta fara gurnani kamar za ta fashe. Mai haɗawar ya yi gargaɗi da yatsa: busasshe kawai, ɗanye toshe ta yake yi. Motar itacen da Laouali ya zata za ta kai su bazara, ko mako biyu ba ta yi ba. Mariamou ta gan shi wata rana fuska duk toka, gira a babbake, ta tafa hannu ta ce, "Wannan ba gallaya ba ce, Gallaza ce!" Sunan ya bi ta. Amma fa gida ya yi ɗumi, tarin Mama Hissa ya lafa, kuma duk lokacin da Laouali ya tura gungume a bakin Gallaza sai ya ce a ransa, saura kaɗan, Inna.

A bayan gidan, cikin katanga, daidai tagar ɗakin tsohuwar, akwai wata magarya. Tsohuwa ce ita ma, gara ta ci ɓangare guda ya bushe, ɗaya ɓangaren kuwa kore shar. In rana ta yi daɗi, Mariamou kan turo Mama Hissa a keken guragu ta ajiye ta a ƙarƙashinta, ta zauna shiru da carbi. Laouali ba ya matsawa kusa in tana nan. Abin da ya sani kawai, tana son itacen, shi ma yana sonsa, don shi kaɗai ne a duk gidan ya yi kama da na garinsu.

Tsakiyar sanyi aka yi wata iska mai yanka kunne, ciwon Mama Hissa ya tashi gadan-gadan, aka kwashe ta zuwa asibiti, Mariamou ta bi ta. Abu Turki ya tare can. Gida ya rage daga Laouali sai Gallaza, itace kuma ya zo ƙarshe, sai 'yan ɓawo da ya share ya tara. Ran Juma'a ya rufe gida ya shiga gari, ya yi salla a unguwar Dira, ya zauna da 'yan uwa a gefen kasuwa aka sha shayi. Bai san cewa a bayansa mota ta zo ba. Maigida ya yi odar itace ta waya, direba ya buga ƙofa ba kowa, aka ce masa ya zagaya ta lungu, akwai wani tsohon sito manne da katangar baya ta waje, ƙofarsa ba kwaɗo. Can ya jibge kayan ya ja ƙofa ya tafi. Laouali kuwa rabonsa da lungun nan tun zuwansa, da aka nuna masa aka ce tarkace ne a ciki.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Abu Turki ne, murya a sama, yana magana kamar ana korarsa. Likita zai sallami Mama gobe, amma da sharaɗin gida ya kasance da ɗumi sosai. Laouali ya ce, "Baba, hatab khalas," itace ya ƙare. Maigida ya ce, "Fi hatab wara al-bait!" Akwai hatab a bayan gidan.

Laouali ya juya ya kalli bayan gidan. Abu ɗaya ne a wurin.

"Baba, hatab kabir?" Babban nan?

"Aywa!"

"Kullu?" Duka?

"Kullu, kullu! Yalla!" Ya kashe waya.

Laouali ya zauna a kan bulo. Kai, abin bai shiga kansa ba. Shi mutumin ƙasar da ake renon icce kamar ɗa, inda in ka sare gawo a gonar wani sai an kai ka gaban mai gari. Ya ce a'a, Larabcinsa ne ya gaza, bari a nemo mai ilmi. Ya roƙi maigida ya aiko da saƙon murya, ya tura wa Munzali, wani ɗalibi Bakano da ke karatun shari'a a jami'a, wanda yakan karanta wa 'yan uwa takardu a Dira ran Juma'a. Munzali yana kan hanyar ɗakin karatu, ya saurara da kunne ɗaya, ya kira.

"Malam Lawal, ai a fili take. Ya ce itacen da ke bayan gidan, ka yi amfani da shi duka, kar ka bar komai, kar Hajiya ta dawo ta ji sanyi."

"Malam, iccen da ke bayan gidan? Shi yac ce?"

"Shi fa. Itacen. Ka hanzarta, ransa a ɓace yake."

Ka ji fa! Bahaushe da Bahaushe, harshe ɗaya, amma kowa da abin da yake gani. A bakin Bakano itace na murhu ne, mai ganye bishiya ce. A kunnen Bamaraɗe kuwa, an gama yanke wa magarya hukunci.

Laouali ya share ƙwalla da gefen rawani. Sai ma ya ji maigidan ya ƙara girma a idonsa. Ɗan da zai sadaukar da inuwar gidansa don uwarsa ta ji ɗumi, ai ɗan halak ne, shi ma da Inna ce haka zai yi. Ya ɗauko gatarin da ya saya a Dira ya yi wa ƙota da hannunsa, don zarton lantarkin maigida tsoro yake ba shi. Ya dafa jikin magaryar ya ce, "Ki yahe mini, aiko ni anka yi." Ya yi bisimilla.

Ya fara da busasshen ɓangaren, ya faskara, ya cika wa Gallaza ciki. Sannan ya koma kan koren. An ce duka, amma akwai abin da hannun Bamaraɗe ba zai iya ba ko da an ɗora masa wuƙa. Bai sare ta daga ƙasa ba, ya bar kututture iya gwiwa, ya yi masa saran gicciye don kada ruwa ya kwanta a kai, kamar yadda suke yi a gona. Ganyen ma bai iya zubarwa ba, ya tsige shi tas, ƙaya na yagar yatsunsa, ya shanya a inuwar ɗakinsa. Ba don ya san amfanin da zai yi masa a nan ba, ko akuya babu a gidan. Kawai dai a garinsu ba a zubar da ganye. Ɗanyun gungumen ya jera kusa da tukunya ko za su sha zafi su bushe, ya gwada tura ɗaya, Gallaza ta turnuƙe da hayaƙi tana zubar da baƙin ruwa, ya zaro shi da sauri.

Da hantsin washegari mota ta shigo. Gida ya yi ɗumi kamar cikin bargo. Laouali ya tsaya a bakin ƙofa da wankakkiyar riga, yana jiran a ce masa madalla. Aka shiga da Mama Hissa. Mariamou ta ja labulen taga don haske ya shigo.

Ihun Mariamou aka fara ji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Laouali! Mi ka yi?"

Abu Turki ya fito a guje ba takalmi, ya zagaya baya, ya tsaya cak. Ya kalli kututture, ya kalli sarari inda rassa suke a da, ya kalli Laouali. Ya buɗe baki. Magana ta fito kamar ruwan kwata. Laouali bai tsinci komai a ciki ba sai majnun, mahaukaci. Yana ta cewa, "Baba, hatab, inta kalam kullu," kai ka ce duka. Maigida ya damƙi wuyan rigarsa, ya ja shi ta ƙofar gida, suka zagaya lungu, ya sa ƙafa ya banke ƙofar tsohon siton. Ga itace nan har rufi, busasshe ƙayau, ɗaure tsaf, ɗan jirgin ruwa.

"Haza hatab!" Wannan ne hatab. Ya ja shi suka dawo, ya nuna kututture. "Hazi shajara! Shajara, ya himar!" Wannan shajara ce, kai jaki.

A ranar, a tsaye a wurin, Laouali ya fara jin kalmar shajara a rayuwarsa. Ya durƙushe a kan ɓawon da ya faskara.

Da yamma Mariamou ta same shi a bakin rumfar tukunya, ido jawur. Yau ba tsiya a bakinta. Ta ce mijin Mama Hissa ne ya dasa magaryar da hannunsa shekarar da suka tare. Da ya rasu, da ganyenta aka yi masa wanka. Tsohuwar kuma ta sha faɗa wa ɗanta, ta faɗa wa Mariamou, cewa in tata ta zo, kada a sayo mata garin magarya na kanti, a tsinko daga wannan, a wanke ta da abin da aka wanke mijinta.

"Ta ce mi da ta gani?" in ji Laouali.

"Da ta yi faɗa ai da sauƙi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in saki labule. Ko ruwa ba ta karɓa ba tun ɗazu."

Laouali ya ɗora hannu biyu a ka. Shi da ya san darajar ganyen magarya a kan gawa, shi da aka wanke ubansa da shi! Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Munzali ya zo da kansa da ya ji labari, a yaba masa a nan. Ya tsaya gaban Abu Turki da Larabcinsa na littafi, ya yi bayani: a harshensu kalmar ɗaya ce a wasu garuruwa, laifin shi Munzali ne da bai tantance ba, kuma bawan Allahn nan sau biyu yana tambaya. Abu Turki ya ce ko yaron goye ya san bambancin bishiya da itacen wuta. Munzali ya ce, "An ce ya daɗe yana kiran bishiya hatab a gabanka." Kunnuwan maigida suka yi ja. Wallahi ya tuna, ya tuna dariyar da gahawar da komai. Amma mutum ne da ya ga fuskar uwarsa a bakin taga, kuma yana neman wanda zai ɗora wa, ba kansa ba. Ya ce ba ya son ya ƙara buɗe ido ya ga Laouali a gidan. Ba zai kai shi ƙara ba, zai biya shi haƙƙinsa, amma igama ba zai sabunta ba. Fitar sallama zai buga masa, ya koma ƙasarsu.

Laouali ya kama ƙafarsa, babba da shi, yana cewa, "Baba, Inna, umra, Baba." Maigida ya zare ƙafarsa ya shiga mota.

Abin takaici, har ranar tafiyarsa shi ne ke ciyar da Gallaza, don ba wanda ya iya ta. Yana ɗebo itacen sito yana tura mata, ita kuwa tana lashewa hankali kwance. Gungumen magaryar suna jere a gefe, ɗanyu, ba su ƙonu ba, ba su amfani kowa ba. Kullum in ya gama sai ya faki ido ya zuba wa kututturen ruwa bokiti guda.

Safiyar da zai tafi filin jirgi ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Ya miƙa wa Mariamou wani buhun shinkafa, cike, ba nauyi. Ta buɗe, ƙanshi ya bugi hancinta. Ganyen ne, ya bushe a inuwa, korensa bai tafi ba.

"Ki ba ta. Ni ba ni da huskar da za ni tsaya gabanta."

Mariamou ta karɓa, amma tsoro ya hana ta kai wa. Ta ce kada ta fama wa tsohuwa ciwo, ta tura buhun bayan firji, tana jiran ranar da ta dace. Haba Mariamou! Duk kaifin bakin nan, ranar da ake buƙatarsa sai ya dakushe. Sai da jirgi ya daɗe da sauka Yamai sannan ta yi ƙarfin hali. Mama Hissa ta cusa hannu cikin buhun, ta damƙo, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta ce, "Wa ya yi wannan?" Aka gaya mata. Ta ce a kira mata shi. Aka ce ya tafi.

A ƙauye, Laouali ya sauka daga mota da jaka ɗaya. Ya tarar idon Inna na hagu ya rufe, na dama saura ɗan haske. Ya durƙusa gabanta ya kwashe labari tun daga zuwan Gallaza har ƙofar sito, yana jiran ta yi kuka ko ta yi masa faɗa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ka bar kututture?"

"Na bari, Inna. Iya gwiwa."

"To," in ji ta. Ba ta ƙara komai ba, umra kuwa ko sunanta ba ta ambata ba, wannan shirun ne ya fi ci masa rai.

Ba shanu, sai ya koma noma da hauya, yana yi wa mutane ƙwadago. Damina ta faɗi. Kafin gero ya yi kai, ɗan hasken da ya rage a idon Inna ya ɗauke, sai an kama hannunta ake kai ta bakin ƙofa.

Wata la'asar yana gyaran ƙotar hauya a tsakar gida, saƙo ya shigo wayarsa, muryar Mariamou. Mama Hissa ta rasu. Da ganyen buhun nan aka wanke ta, ita ta ce a ajiye mata shi a ƙarƙashin gado. Gallaza kuwa tun ƙarshen sanyi maigida ya kira masu gwangwan suka kwance ta, ya ce ba ya son ganinta. Bayan wannan sai ga hoto: kututture ne, ya fito da tohon kore ta ko'ina, cunkus kamar gashin yaro. Sai kuma muryar Munzali, yana magana a hankali, yana auna kowace kalma.

"Malam Lawal, Abu Turki ne ya ce in tambaye ka. Bishiyar nan, mai rai nake nufi, mai ganye, ta yi toho da yawa. Ya kawo masu lambu, wani ya ce a aske duka, wani ya ce a bari duka. Ya ce ba wanda zai taɓa ta sai an ji daga bakinka."

Laouali ya ajiye wayar a ƙasa. Yanzu ne aka san da bakinsa? Ya ce wallahi ba zai amsa ba, su je su tambayi jirgin ruwa.

Inna na zaune a kan tabarma, ta ji komai. Ta ce, "Ba su amsa, Laouali. Iccen bai yi maka laihi ba."

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya danna ya ce a zaɓi biyu da suka fi ƙarfi kuma suka miƙe, a bar su, a cire sauran da wuƙa mai kaifi daga gindi, a ɗaure biyun a jikin sanda saboda iska, kada a cika mata ruwa. Ya ce Allah ya jiƙan Mama. Daga nan ya saki wayar.

Inna ta juyo da fuskarta inda take jin numfashinsa.

"Daga gidan nan da iccen yake zuwa Ɗakin Allah, da nisa?"

"Da ɗan nisa, Inna. Amma mota na kai mutum yini guda."

"Yini guda," ta maimaita. Ta shafa tabarmar da tafin hannu tana neman bakinta. "Zo ka daidaita ni gabas, la'asar na wucewa."

Ya tashi ya kama kafaɗunta ya juya ta.